Rabin Maganin Mma

"Maganinku bai yi ba, Naziru! Zazzaɓin Mma ya dawo!"

Ko sallamarsa ban amsa ba. Ni haka nake, in tsoro ya kama ni sai ya koma faɗa.

Naziru mai harhaɗa magani ne a unguwar Maamobi. Ya daɗe yana nemana, mahaifiyata kuwa tana ja masa rai, wai turancinsa ya yi yawa.

"Lailatuna, kwantar da hankalinki..."

Ya durƙusa gaban tabarmar Mma. "Mma, kin shanye maganin taifot ɗin da likita ya rubuta?"

Ta kau da kai. "Na ji sauƙi, sai na ba Wadia sauran. Jikinsa zafi paa! In bar maƙwabciya a kwance?"

Wayyo! Mma ke nan. Duk unguwarmu ta Nima an san ko waakye ɗinta, shinkafa da waken da take sayarwa, rabi a kyauta yake tafiya.

Naziru bai yi mata faɗa ba. Ya jawo guntuwar igiyar shanya.

"Mma, ƙwayar cutar nan ba ta rabuwa biyu sai ta kwafi zaren halittarta, shi ake kira DNA. A murɗe yake kamar wannan. Ja bakin nan ki gani."

Ta ja, gaban igiyar ya cukurkuɗe.

"To, ƙwayar tana da sinadarin da ke yanke zaren, ya saki murɗin, ya sake haɗa shi. Maganin nan yana bari a yanke, sai ya hana haɗawa. Kwafi ya tsaya, ƙwayar ta mutu."

"Ei! In na tsaya a rabi fa?"

"Waɗanda suka tsira su ci gaba da hayayyafa. Ke ba ki warke ba, Wadia ma haka... Lailatu ba ta da wata uwa, Mma."

Na fashe da kuka.

A ranar ya kai su asibiti, ita da Wadia. Kullum sai ya leƙo ya ga Mma ta haɗiye maganin ranar, tana hararar sa, yana dariya.

Ranar da ta sake ɗora tukunya, na tsaya ina kallon ta, bakina ba komai sai Alhamdulillahi.

Ta zuba wa Naziru da hannunta.

"Ɗana, medaase, na gode. Ka turo manyanka da goro... ina son in ga ranar da idona."