Idon Raƙumin Illela

A shekarar 1986 aikina ɗaya ne, kuma na gaji da shi: duk ranar kasuwa in hau babur daga Sakkwato zuwa Illela, in karɓo idanun dabbobi wurin mahauta, in zuba cikin kula mai ƙanƙara.

Dakta Malami, maigidana a ɗakin gwaje-gwaje, yana binciken wani ƙaramin furotin da ke cikin ido. Wai shi ke tsare ido kada zafi ya dafa shi ya yi yana, kuma in sinadarin fosfet ya manne masa sai aikinsa ya sauya. Ni dai abin da na sani, in ƙanƙara ta narke, wahalata ta tashi a banza.

Wata ranar kasuwa, Dabo mahauci ya miƙo mini idanun shanu, ya hana ni idon wani raƙumi.

"Bar wanga, Maharazu. Raƙumin ga bai rufe ido ba har munka gama fiɗa."

Da ya juya baya na jefa idon cikin kula. Dakta ya daɗe yana neman na raƙumi, ni kuma na gaji da gorinsa.

Dab da magariba, bayan na bar gari, babur ya mutu. Ba mota, ba kukan tsuntsu. Sai warin gashi mai ƙuna.

Na taɓa kular. Zafi kamar tukunya.

Na buɗe. Idanun shanun sun yi fari fat, sun dahu. Na raƙumin garau yake.

Ya juyo ya dube ni.

A bayana na ji takun raƙumi kan kwalta, a hankali. Numfashi mai zafi ya sauka a wuyana.

"Mi kaka ɗauke da shi?" Muryar tsoho ce, ƙasa-ƙasa.

Bakina ya ƙi addu'a.

"Idon ga ba naka na ba."

Na miƙa kular baya ban waiwaya ba. Aka karɓa. Sai wani yatsa ya zagayo, ya dafa idona na hagu.

Na bar babur, na yi ta gudu har na faɗi a ƙofar wani masallaci.

Da safe idon nawa ya yi fari. Da na koma Sakkwato, Dakta ya haska shi da fitila. Sannan ya ce irin wannan yanar sai wanda ya shekara arba'in gaban wutar maƙera.

Shekarata ashirin da shida lokacin.