Sauran Duhu a Idon Auta

Baba, tun da ka tafi dare bai sake shigowa gidanmu ba. Ba maganar mai makoki nake maka ba. Ana tashi daga zaman ta'aziyyarka, waɗanda suka sayi filin bayan gidanmu suka buɗe wurin ajiye manyan motoci, suka kafa dogayen fitilu masu farin haske, ga allon talla da ke ƙiftawa har asuba. Yanzu in rana ta faɗi wata ranar ce ke fitowa. Zakaran maƙwabta ya rikice, cara yake duk sanda ya ga dama. In ka ɗaga kai, babu komai a sama sai wani fari-fari kamar ruwan wanki.

Wata magariba abin ya fara. Auta tana kwashe shanya, Inna tana alwala, ni kuma dawowata ke nan daga shagon kayan wuta inda nake jiran kanti. Sai ƙwan fitilar tsakar gida ya fashe. Wani ɗan dutse ya gangaro, ya tsaya a gaban Inna.

"'Ya'yan banza," in ji ta.

Na leƙa waje. Layin fes yake kamar rana tsaka, ko akuya babu.

Na saka wani ƙwan, aka fasa. Duwatsun ba sa taɓa mutum, ba sa taɓa kwano, ƙwai kaɗai suke nema. Daga baya muka soma jin magana ƙasa-ƙasa, daga ƙarƙashin gado, daga bayan kabad, daga cikin takalmanka da har yau ba wanda ya iya ɗagawa. Kamar mutane sun cika ƙaramar mota, kowa na cewa matsa, matsa.

Ka san Inna da tsoro. Ta ce aljani duhu yake so, kada a bar masa ko faɗin tafin hannu. Ni kuwa abin da nake sayarwa ke nan. Na kawo ƙwan ɗaki, na banɗaki, na ƙofa, har da fitilar caji da muka tura ƙarƙashin gado. Maganar ta ɗauke. Muka yi hamdala.

Sai Auta ta daina buɗe ido.

Ba barci take ba. A zaune take wuni, ta runtse ido gam, ta danne da hannu. In an ɓamɓare hannun sai ta ƙwalla ƙara da muryar wata tsohuwa: "Wuta! Wuta!" Inna ta ce madalla, karatun da take kunna mata a waya ne ke ƙona shi, ta ƙara sauti. Yarinyar da kake kira rediyon gida ta koma ba ci ba sha, wuyanta kamar tsinke. A asibiti suka haska idon da tocila, ta suma a hannuna, suka ce ba su ga komai ba.

Kawu ne ya kawo malami, wani dattijo mai tari da tabarau mai kauri. Ya iso bayan magariba, ya zauna a gefen katifa ya daɗe yana karatu. Auta tana murɗewa tana kiran wuta.

"Ƙara mata, Malam!" in ji Kawu. "Ta fara cin sa!"

Malam ya dubi Auta, ya ɗaga kai ya dubi ƙwan da ke silin.

"Wace wutar?" ya tambaya. "Ta Allah ko ta kamfani?"

Bakin Auta ya yi wata dariya da ba tata ba. "Yau dai an kawo mai kunne."

Ya sa aka kashe komai. Duk da haka hasken filin motoci yana kwararowa ta taga, sai da na kafe barguna da ƙusa. Ɗakin ya yi baƙi. Na manta haka duhu yake da sanyi.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Tsohuwar maƙwabciya. Ina nan tun filin can yana ciyawa. Mai gidan nan ya san zama da mutane. In ya yi isha'i sai ya kashe fitila, ya ce a bar dare ya sha iska. Ku kuna ce masa mai maƙo."

Inna ta fashe da kuka, don ita ce ke faɗa maka haka.

"Me ya kai ki jikin marainiya?"

"Me zan yi da jikinta? Bayan fatar idonta na raɓe, nan ne sauran duhu a unguwar nan. Sun kore ni daga fili na dawo ƙarƙashin gado, ɗan nan ya biyo ni da fitila."

"Koma rijiya."

"An cike ta."

"Maƙabarta fa?"

"Malam, yaushe rabonka da can? Sun kafa mata fitilu masu aiki da hasken rana. Uban yaran nan yana kwance kamar a tsakiyar kasuwa."

Baba, wannan maganar har cikin ƙashina na ji ta.

"To ki tafi daji."

"Ta ina? Da taurari muke gane hanya, kun shafe su. 'Ya'yana sun fita nema, ba wanda ya dawo."

Malam ya yi tari mai tsawo. Ya ce a kawo kwali, ta shiga, ni in kai ta bayan gari a babur, inda sama ke da ido. Kwalin da ke gidan na ƙwan fitila ne.

"A cikin wannan? Malam, ba ka da ta ido." Amma ta yi rantsuwa za ta fita.

"Kowa ya buɗe idonsa," in ji Malam. "Ko hawaye ya cika shi, kada wanda ya runtse sai na ɗaure kwalin."

Ya koma karatu. Ashe akwai 'yar huda a jikin bargo ɗaya. Allon talla ya ƙifta, wani siririn haske ya sauka daidai bakin kwalin.

"Yana yoyo!" in ji muryar. "Ba zan shiga ba! Yana yoyo!"

Bayan Auta ya lanƙwashe, numfashinta ya soma sarƙewa. Kawu yana laluben hudar, Malam yana ɗaga murya. A cikin hayaniyar na ji tata muryar, 'yar ƙarama, kamar daga ƙasan ruwa.

"Yaya."

Na runtse idona, Baba. Da gangan.

Wani abu mai sanyi ya shige ni, kamar ruwa a kunne. Auta ta yi ajiyar zuciya, ta ce a ba ta ruwa ta sha. Malam ya ɗaure kwali da igiya, kowa yana kabbara. Na ɗora shi a babur na yi ta tafiya har mai ya kusa ƙarewa. Can ma gefen sama ja yake da hasken gari. Na kwance igiyar don cika umarni, na san ba kowa a ciki.

Auta ta warke. Jiya har faɗa suka yi da Inna a kan sabulu, na zauna ina saurare kamar waƙa. Ni ne dai yanzu ba na iya gwada wa mai saye ƙwai sai na kau da kai. Na sayi baƙin tabarau, maigidana yana ce mini ɗan fim.

Amma in na rufe ido, Baba, sama nake gani. Baƙa ƙirin, mai zurfi, cike da taurari har ba wurin sa allura. Tsohuwar tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayensu a hankali, tana tuna hanyarta. Ban sani ba ko in ta gano za ta tafi ita kaɗai. Abin da na sani, kullum buɗe idon ƙara yi mini nauyi yake, kuma ba na jin ina so. Yau da safe sai da Auta ta jijjiga ni, tana dariya tana ce mini kasa sarkin barci.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.