Aikin da Sa'adu Bai Gama Ba

Sa'adu ya rasu bai gama ɗora manhajar sabar a kan 'yar kwamfutarsa ba, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Da ita manoman albasa na Magarya za su riƙa duba ranar ban ruwan kowa a waya, ga shi har an fara faɗa a fadama.

Bayan magariba wani ya yi sallama a zaure, ya ce ƙungiyar manoma ta aiko shi ya ƙarasa. Matarsa Husainatu tana takaba, sai ta tura masa kayan ta ƙarƙashin asabari, ta tsaya daga ciki.

Sanyi ya shigo da warin laka. Maɓallan kwamfutar suka fara ƙwas-ƙwas, alhali bai tambaye ta lambar sirri ba.

"Malam, wa ya ba ka lambar?"

"Hito ki riƙa min hitila, saura kaɗan."

"Mi kake cewa? Takaba nike."

"Takabar wa?" in ji muryar, a hankali. Muryar Sa'adu ce.

Ta dubi asabarin. Yatsu goma jiƙaƙƙu sun riƙe gefensa suna ɗagawa, a can ƙuryar zaure kuma maɓallan ba su daina ƙara ba.