Ba Da Baki Ake Yin Gaske Ba

Auta na ninke wanki a falo ta ji muryar Baba daga ɗaki.

"Telan nan? Wanda ko a gidan makoki sai ya saka mutane dariya? Ba da gaske yake ba! Aure ba wasan yara ba ne."

Da yamma ta sami Telan a shago, yana taka keke yana tsokanar maƙwabta. Idanunta sun yi jajur.

"Baba ya ce kai ba siriyos ba ne."

"Haba Auta, wallahi da gaske nake!"

"Ka ji matsalar! Ka ce kaza ta fi jirgi gudu, da gaske kake. Ka ce kana sona, da gaske kake. Wanne zan ɗauka? Filis, don Allah kar ka ƙara faɗa min. Ni dai ba zan auri wani ba, kuma ba zan saɓa wa Baba ba."

Keken ya tsaya. Ranar Tela bai sake yin raha ba.

Ba a jima ba ciwon ƙafa ya kwantar da Baba. Likita ya ce sai an riƙa kai shi gashin ƙashi asibiti, ga shi a saman bene suke zaune, yayan Auta kuma yana aiki a wani gari. Auta da Umma suka gwada ɗaga shi, suka kasa, suka zauna suna kuka.

Da safe sai ga sallamar Tela. Ya durƙusa ya juya baya.

"Baba, ku hau. Motar tsohuwa ce, amma birkinta lafiya lau."

Baba ya murtuke, ya hau don dole. Ko kallonsa bai yi ba. Tela ya dawo washegari, ya dawo wani satin. Kwastomomi suka fara gudunsa saboda yawan rufe shago, Auta ta ce ya huta, ya ce a'a.

Bayan watanni, ranar da Baba ya sauko benen da ƙafarsa, sai ya kama hannun Tela, hawaye na zubo masa.

"Ɗana, na zaci gaske ita ce ɗaure fuska. Ashe mai gaske shi ne wanda aka kora jiya, yau ya dawo da alheri. Ka turo manyanka."

Auta ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

'Yan'uwa matasa, kowa na iya cewa "da gaske nake". Wanda ya jure ranar wuya, nasa ne abin yarda.