Wa Kike Tsoro, Junie?

"Ki ɗauka mana, Junie. Ai ba cizo take yi ba."

Junie ta dubi 'yar bindigar libarba da Dalton ya turo mata a kan kanta, mai mariƙi ruwan hoda kamar kayan wasan yara.

"Dalton, tsoronta nake ji…"

"To ai shi ya sa nake nan, sanyin idona."

Ya zagayo bayanta, ya ɗora manyan hannayensa a kan nata. Ƙamshin sabulunsa ya cika mata hanci, nan take zuciyarta ta kwanta. Kai, Junie tana son yaron nan! Irin son da in an yi wa mutum faɗa a kansa sai ya ƙara zurmawa.

Madam Odessa, tsohuwar da take da kantin bindigar, ta leƙo su ta saman tabarau ta taɓe baki.

"Samari, kai ne za ka riƙa yawo da ita a ƙugu ko budurwar taka?"

"Ita ce, Madam. Amma ni na san abin da ya dace da ita."

"Haka kowannenku yake cewa. Wannan 'yar kwalliyar da ka zaɓa, rashin nauyinta ne zai sa ta doke mata hannu kamar jaki. Sau ɗaya za ta harba, ta jefa ta a durowa."

Dalton ya yi dariya. Junie ba ta yi ba.

A nan garinmu da ke cikin duwatsun Tennessee, namiji yana rako budurwarsa sayen bindiga kamar yadda yake rako ta zaɓen zobe, ba wanda zai ɗaga kai ya dube su. Amma Junie Pruitt ba ta taɓa sha'awar abin ba. Nas ce mai bin tsofaffi gida-gida, tana duba musu jini tana wanke musu gyambo, daga wannan kwazazzabo zuwa wancan, ita kaɗai a 'yar motarta. Tsoro bai taɓa shiga hanyarta ba sai bana, da wata a-kori-kura ruwan toka ta fara binta.

Motar ba ta matsowa, ba ta kuma ɓacewa. Gilasanta baƙaƙe, lambarta a dame da laka. In Junie ta tsaya a gidan majinyaci, sai ta hango ta can cikin itatuwa ta lafe. Ta kai ƙara wurin 'yan sanda, suka ce ta kawo lamba. Wace lamba, bayin Allah?

Dalton Sizemore take kira duk lokacin da ta ga motar. Wani lokaci ba ya ɗauka sai daga baya, ya ce yana ƙarƙashin mota a gareji. Da yamma ya zo, ta kifa kai a ƙirjinsa ta yi ta kuka, shi kuma yana shafa mata gashi.

"Ina raye ba mai taɓa ki, abar ƙaunata. Ki bar aikin nan kawai. A matso da bikin aurenmu, ki zauna a gida inda idona zai riƙa ganin ki."

Ta daɗe tana ƙi, don tana son aikinta kamar ranta. Amma tsoro ya cinye ta, har abinci ta daina ci. Ƙarshe ta ce to. Ta gaya wa shugabar asibiti za ta ajiye aiki ƙarshen wata, aka matso da biki.

Mama kuwa tun farko ba ta yi na'am da Dalton ba.

"Yaron nan son ki yake ko gadin ki yake?" ta tambaya wata rana, tana murza ƙullun biredi kamar shi ya yi mata laifi. "Ki fita ya kira, ki shiga ya kira. Ko fasto kika gaisar a coci sai ya canza fuska!"

"Mama, kishi ai so ne…"

"Wa ya gaya miki? Uwarsa ma ba ta ɓoye ba, Kendra take so ya aura, 'yar aminiyarta. Su je su ƙarata mana, su bar mini 'yata!"

"Shi kaɗai ya tsaya mini a wannan tashin hankalin, Mama. Ke faɗa kawai kike yi!"

Mama ta juya mata baya. Tun ranar ba su yi wata doguwar magana ba, abin yana cin Junie a rai.

Madam Odessa ta ƙwanƙwasa kanta da yatsa, ta dawo da ita daga tunani.

"'Yata, kafin a zaɓi bindiga sai an san inda za ta zauna. A ina za ki ɓoye ta?"

"A jakar hannuna, ina ga…"

"Jaka?" Dalton ya kwashe da dariya. "Haba Junie! Ke da kike barin jakar a kujerar mota? In kin sauka a gidan tsohon nan mai jan rumbu, akwatin magani a dama, waya a hagu, ƙyauren shingen ma da ƙafa kike tura shi. Da wane hannun za ki lalubi jaka? Madam, ki ba ta kube na ƙugu, wanda riga za ta rufe."

"Nan kam ka yi gaskiya," in ji Madam Odessa.

Junie ba ta ji ta ba.



Gidan tsoho Haskell ke nan, mai jan rumbu, can ƙarshen wata hanyar tsakuwa da ba kowa a kanta. Dokar aikinsu ce ba a faɗin gidan majinyaci ko ga miji, kuma Junie ba ta taɓa karya ta ba. Ta sha gaya wa Dalton mota tana binta, amma ba ta taɓa ce masa ga inda take tsayawa ba. Sakatar ƙyauren nan ma kwanan nan ta lalace, kwanan nan ta fara tura shi da ƙafa.

Mutum ɗaya ne yake ganinta a ƙofar nan. Wanda yake lafewa cikin itatuwa.

"Junie? Lafiya? Kin yi fari fat."

"Ba komai…" ta ce, muryarta kamar ba tata ba.

Madam Odessa ta cire tabarau ta ajiye.

"To samari, lokaci ya yi. Waje."

Duk garin an san dokar Madam Odessa. Namiji ya rako mace, ya yi surutunsa, ya nuna gwanintarsa, ba ta hana shi. Amma in an zo zaɓe na ƙarshe sai ya fita ya jira a farfajiya, ko da kuwa shi ne shugaban 'yan sanda. Maza suna gunaguni, suna kuma fita.

Dalton ya sumbaci goshin Junie.

"Kar ki bari ta sayar miki da igwa, kin ji? Mai ruwan hodar nan ta yi miki kyau."

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, ya fita yana fito.

Tsohuwar ta ture libarbar gefe, ta kama hannayen Junie biyu.

"Tambaya ɗaya nake yi wa kowace mace in na kori namijin. Wa kike tsoro?"

Junie ta buɗe baki. Hawaye ne suka riga ta.

"Da safen nan ban san fuskarsa ba, Madam…"

"Yanzu fa?"

Junie ta juya ta dubi gilashin kanti. Dalton yana jingine da motarsa cikin rana, ya ɗago mata hannu yana murmushi.

Madam Odessa ta bi idonta, ta ja dogon numfashi.

"Na ga mata da yawa sun shigo nan, wanda suke tsoro yana riƙe musu jaka. Saurara, 'yata. Yau ba zan sayar miki da komai ba. Ba na miƙa wa mace bindiga zuciyarta tana tafasa. In magana za ki yi masa, yi a gaban gilashin nan inda nake ganin ku."

Junie ta share ido da bayan hannu, ta fita.

"Har kin gama? Ina take?"

"Dalton, a ina ka san gidan mai jan rumbu?"

Murmushin ya tsaya masa a fuska.

"Ke kika gaya mini mana…"

"Ban gaya maka ba."

"To wataƙila na taɓa wucewa ta…"

"Hanyar ba ta ɓullewa ko'ina! Dube ni, Dalton. Motar da take bi na ta wa ce?"

Ya dubi takalminsa. Ya dubi titi. Ƙato guda, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ta baban Kendra ce," ya ce a hankali. "Tana ajiye a gonarsu."

Kendra! Kendra da take zaune a teburin karɓar baƙi a asibitinsu, mai rungume Junie kullum tana cewa, "Sannu ƙawata, Allah ya tona asirin mugun nan." Ashe ita ta miƙa makullin.

"Ita ta ce mini ba majinyata kaɗai kike zuwa gani ba," Dalton ya ci gaba. "Ta ce akwai wani sabon likita da kuke haɗuwa a can cikin duwatsu. Na kasa barci, Junie! Na ce bari in gani da idona sau ɗaya…"

"Ka ga likitan?"

"A'a."

"Me ka gani?"

"Ke kaɗai. Kina shiga, kina fita."

"To me ya hana ka dainawa?"

Ya kawar da kai.

"Tambayarka nake yi! Ka ga ba kowa, ka ga na rame, ka ga ko abinci ba na iya ci. Me ya hana ka dainawa?"

"Don… don ba ki taɓa riƙe ni kamar yadda kika riƙe ni a kwanakin nan ba." Hawaye suka zubo masa. "Da, aikinki ne gaba, ni a baya. Da motar ta fara binki sai kika zama tawa gaba ɗaya. Na so in daina, na rantse da Allah. Na ce da zarar an ɗaura aure shi ke nan, motar ta ɓace, ba wanda zai sani."

Junie ta yi wata dariya mai ɗaci, wadda ta fi kuka ciwo.

"Ina kiran ka ina kuka, kana cikin itatuwa kana kallon wayar tana ƙara…"

"Junie, abar ƙaunata…"

"Kar ka ƙara kira na da sunan nan! Na jiƙa maka riga da hawaye, kana shafa kaina da hannun da ka tuƙa motar! Na yi wa uwata rashin kunya saboda kai. Na ajiye aikina saboda kai. Sannan ka kawo ni nan ka zaɓa mini bindigar da zan kare kaina daga gare ka, mai ruwan hoda, don ta yi mini kyau!"

"So ne ya ja, wallahi so ne…"

Ta zare zoben baikonsu. Ya ɗan maƙale a gaɓar yatsa, ta fizge shi da ƙarfi, ta ajiye a kan murfin motarsa.

"Kai wa Kendra. Ta yi wahala a kansa, ta cancanta."

Ya kai hannu zai kamo ta. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, Madam Odessa ta fito ta tsaya a bakin kanti, ta harɗe hannu a ƙirji. Dalton ya mayar da hannunsa.

Mama ce ta zo ta ɗauke ta. Ba ta ce "ai na gaya miki" ba, ko sau ɗaya. Ta dai tuƙa motar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da na 'yarta har gida.

Junie ta koma wurin shugabar asibiti ta ce ta fasa ajiye aiki. Kendra ta nemi canjin wurin aiki da kanta, don ta kasa haɗa ido da kowa. Dalton ya yi ta aiko furanni, Mama tana zubawa a bola. Wata rana aka ga motarsa a bakin layinsu, ya ce wai haƙuri ya zo bayarwa.

Washegari Junie ta koma kantin, ita da Mama.

Madam Odessa ta jera mata bindigogi, ta kai ta filin gwaji da ke bayan kanti, ta sa ta harba kowacce. Wata ta yi mata girma, yatsanta bai kai kunamar harbi ba. Wata ta doke mata hannu. Ƙarshe ta tsaya a kan wata baƙar fistol siririya marar ado, wadda ta zauna mata a tafi daram, ta kuma ɓace a ƙarƙashin rigar aikinta.

"Wa kike tsoro?" tsohuwar ta sake tambaya.

"Na san shi yanzu, Madam. Har abincin da ya fi so na sani."

"Allah ya sa ta tsufa a ƙugunki ba ki taɓa zare ta ba."

"Amin," in ji Mama.

Ranar Litinin Junie ta kama hanyar gidan tsoho Haskell, kuben yana danna mata ƙugu. Ta duba madubi, ba kowa. Ta sake dubawa, ba kowa sai ƙurar tayarta. A wata kwana wata mota ruwan toka ta ɓullo, gabanta ya yanke ya faɗi. Wani manomi ne da karensa, ya ɗaga mata hannu ya wuce.

Kafin ta ankara wayar tana hannunta, yatsanta ya riga ya nemo sunan da ta saba kira duk lokacin da tsoro ya kama ta.

Dalton.

Ta tsayar da motar a gefen hanya, ta daɗe tana kallon sunan. Sannan ta goge shi, ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kuka mai isarta. Da ta gama ta share fuska, ta ɗauki akwatin magani, don tsoho Haskell yana jiran a wanke masa ƙafa.