Kwanon da Bai Taɓa Ganin Romo Ba

"A-shan! Sauko ki duba mini, kwat ɗin nan ce ta tsuke ko ni ne na ƙara faɗi?"

Pei-shan ta sauko daga bene tana maƙala 'yan kunne, ta tarar da mahaifinta a gaban madubi yana kokawa da maɓalli. Rabon kwat ɗin da ganin rana tun jana'izar mahaifiyarta, shekara tara ke nan.

"Aba, ai kwat ba ta shan romo. Kai ne kake sha."

"Ji marar kunya!" Ya miƙo mata hannuwansa. "Shinshina ki ji. Sau uku na dirje su da lemon tsami."

Ta shinshina, ta ce babu komai. Ƙarya take yi. Ƙamshin romon shekara talatin ba ya fita da lemon tsami.

Shagon mahaifin nata, Maigida Yeh, yana ƙasan gidan, a wani lungu na birnin Tainan, tebur shida da kujerun roba. Tun da sassafe layi ke kai wa bakin titi. Nama daga mayanka yake zuwa da ɗuminsa, ba ya ganin firij. A yanka shi shara-shara, a kwarara masa tafasasshen romo, a ɗora citta, shi ke nan. Sai dai tun da hannun daman tsohon ya soma rawa, Pei-shan ce ke riƙe da wuƙa. Duk unguwa an sani, babu mai faɗa.

A wannan shagon ruwan sama ya koro Hsiao Kun-lin, malamin firamare, shekara biyu da suka wuce. Ya zauna ya tambaya, da iyakar gaskiyarsa, ko akwai abin da babu naman sa a ciki. Shago ya kwashe da dariya. Washegari ya dawo, kuma ko ɗigon ruwa ba a yi. Ba sai an tambaye shi dalilin ƙin naman ba: jikan manoma ne, kuma gidajen manoma da yawa ba sa cin sa, sun ce ba a saka wa abokin huɗa da wuƙa. A mako na uku Pei-shan ta sayo 'yar tukunya, da wuƙa sabuwa, da shuɗin kwano, ta ware musu kanta guda, ta dinga dafa masa faten shinkafa da kifi. Aba ya dubi kantar, ya dubi 'yarsa, ya ce shi dai bai taɓa ganin kwastoman da aka saya wa tukunya ba.

Yau ne, da maganar aure ta taso, za a gabatar da ita da mahaifinta wurin Ama, kakar Kun-lin, wadda ta raine shi a ƙauye, wadda kuma ba a ɗaura komai a gidan Hsiao sai da yawunta. Mahaifiyarsa, Madam Hsiao, ta riga ta bugo waya ta tsara zance: a ce wa tsohuwa faten kifi suke sayarwa. Bayan biki yarinya ta bar shago, maganar ta mutu.

"Aba, raina bai kwanta da wannan tsarin ba."

"Ƙaryar wuni ɗaya ce, A-shan. Saboda ke zan iya cewa ma gawayi nake sayarwa."

Gidan abincin da Madam Hsiao ta zaɓa yana hawa na ashirin, ɗaki na musamman, teburi mai juyawa, masu hidima da farar safar hannu. Maigida Yeh, mutumin da ya ciyar da rabin unguwa, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Da aka kawo faranti kamar faifai da loma biyu a tsakiya, ya sunkuyo kunnen 'yarsa.

"Wannan ɗanɗano ne, ko abincin ke nan?"

Ta taka masa ƙafa. Kun-lin ya ɓoye dariya a cikin kofin shayi.

Ama 'yar tsohuwa ce mai shekara tamanin da huɗu, bayanta ya ranƙwafa saboda dashen shinkafa, amma idonta ras. Ta juya teburin da yatsa ɗaya har kifi ya tsaya a gaban Aba.

"An ce faten kifi kake yi. Ni ƙaya ce ke hana ni sakat. Yaya kake cire ta?"

"To... ai... ana dai... cirewa."

"Ta ciki kake tsaga shi ko ta baya?"

Ɗaya daga tsinkayen cin abincinsa ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, ɗinkin kwat ya yi ƙara. Pei-shan ta ga mahaifinta, wanda ba ya sunkuyar da kai ga kowa, yana gumi yana musun sana'ar da ya yi mata makaranta da ita. Zuciyarta ta karye.

"Ama, ki gafarce mu. Ba kifi muke sayarwa ba. Romon naman sa ne, kuma ni nake yankawa."

"A-shan!" in ji Aba.

Madam Hsiao ta dafe goshi. "Shi ke nan, ta rusa mana!"

Ama ta ajiye tsinkayenta a hankali, ta daidaita su gefe da gefe. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Muna da sa, shekara goma sha huɗu yana mana huɗa. Shekarar da guguwa ta kwantar da shinkafarmu aka sayar da shi. Da suka zo jan sa, ya waiwayo ya dube mu, hawaye na zuba. A ranar mijina ya rantse jininsa ba zai ƙara cin sa ba. Ban ce ke muguwa ba ce, yarinya, kin ma fi waɗansu gaskiya." Ta ɗan harari surukarta. "Amma hannun da ke yanka shi ba zai miƙo mini shayin baiko ba."

"Ai sai ta bar shagon, Mama," Madam Hsiao ta yi caraf. "Me ke cikin shagon kujerun roba?"

"Za ki bari?" Ama ta tambaya.

Pei-shan ta dubi Kun-lin, idonsa na roƙonta. Ta dubi hannun mahaifinta da ke karkarwa a kan farin ƙyallen teburi. Idan ta ajiye wuƙa, shagon ya mutu, kuma ta san ba zai daɗe a bayansa ba.

"Ba zan iya ba, Ama."

Tsohuwa ta miƙe. Ta yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, da suna, a cike, irin sallamar da ake yi wa baƙon da ba a sa ran ƙara gani.

A gida Pei-shan ta kifa kai a kan matakala ta yi kuka mai isarta. Aba ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa da ta yage a hammata.

"Gobe zan liƙa takarda a sayar da shagon."

"Ka liƙa, ni kuma in yage."

"Taurin kan uwarki kika ɗauko!"

"Naka ne, Aba. Nata ma mai sauƙi ne."

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka, suka haɗu suna yi.

Wata biyu Kun-lin yana hawa babur kowace Lahadi zuwa ƙauye yana roƙo, yana dawowa hannu rabbana. Wata safiya ya shigo shago ido jajawur, ya ratsa layi, ya zauna ya buga teburi.

"Romo kwano ɗaya. Babba!"

Cokula suka tsaya cak. Wani tsohon direban tasi da ke ci a nan kullum ya ce, "Af! Malam, yau kuma?"

Pei-shan ta goge hannu ta zo ta tsaya a kansa. "Fatenka na kan wuta."

"Ban ce fate ba. Ki zuba mini, in sha a gaban kowa, rantsuwa ta karye, mu ga sauran abin da Ama za ta tsare!"

"Ba a shagon nan ba."

"Kwastoma ne ni!"

"Sori, Malam, naman ya ƙare."

Ga nama jibge a kan katako, kowa na gani.

"A-lin," ta sassauta murya, "idan ka sha yau, ba don daɗi za ka sha ba, don ka soki tsohuwar da ta goya ka ne. Gobe in ka huce, ni za ka kalla ka tuna. Ba zan shiga gidanku ta kan kabarin kakanka ba."

"To in yi yaya? Ke ba ki sakin wuƙa, ita ba ta sakin rantsuwa, ni kuka sa a tsakiya kuna ja kamar igiya!"

"Ka yi haƙuri."

"Haƙuri! Ki zuba shi a kwano ki sayar!"

Ya ture kujera ya fita. Ta bi baburinsa da kallo har ya sha kwana, sannan ta koma ta ɗauki wuƙa, don layi ba ya jiran mai kuka. Kwana ashirin bai leƙo ba, bai kira ba. Kowace safiya tana sauko da shuɗin kwano, ta wanke shi ko da babu wanda ya ci a ciki, ta mayar. Aba yana gani, yana kau da kai.

Ran kwana na ashirin da ɗaya, tasi ta tsaya a bakin lungu. Wata 'yar tsohuwa ta fito tana dogara lema, ta tsaya a ƙofar shago da hankici a hanci. Wuƙa ta kusa suɓuce wa Pei-shan.

"Ama! Ke kaɗai? Shigo ki..."

"Ba na shiga. Jikana ya ce ya nemi nama a nan kin hana shi. Don ya ƙona mini rai ya faɗa, ja'irin. Haka aka yi?"

"Haka aka yi."

"Shekara biyu yana zuwa nan, me yake ci? Iska?"

Pei-shan ta ɗauko tukunyar, da wuƙar, da kwanon, ta kai mata waje. Ama ta ɗaga kwanon sama ta duba, ta shafa cikinsa da yatsa, ta shinshina. Ta shinshina tukunya, ta shinshina har ƙotar wuƙa. Hancin manomiya ba ya ƙarya: ƙarnin kifi ne da citta, babu ko burbushin maiƙon sa.

Ta ja kujerar roba ta zauna a gefen titi. "Zuba mini abin da kike ba shi."

Masu layi sun manta da yunwa. Ta ci cokali uku, ta zaro wani abu daga bakinta ta ɗaga.

"Kin bar ƙaya ɗaya."

"Ki gafarce ni, Ama."

"Ta baya ake tsaga shi. Zan koya miki." Ta juya ga Aba da ke raɓe a bakin ƙofa. "Maigida, matso. Akwai abin da ban faɗa ba a wancan gidan da ake kawo faranti babu abinci. Ba mijina ne ya ce a sayar da san nan ba. Ni ce. Ɗana na kwance da zazzaɓi, babu ƙwayar shinkafa a gida, na ce a kira masu saye. Ni ya waiwayo ya kalla." Ta ajiye cokali. "Shekara sittin ina jin haushin mai wuƙa, don ya fi mini sauƙi da in ji haushin kaina."

Aba ya zuba mata shayi, rabi a kofi rabi a ƙasa.

"Rantsuwar nan jinina ne ya tashi karya ta," in ji Ama, "'yar mai wuƙa ta tsare mini. Kira mini shashashan nan, ki ce kakarsa na cin fatensa."

Kun-lin ya iso da hular kwano a karkace, ya ga abin da ya gani, ya durƙusa a tsakiyar titi. Ya ce, "Sori, A-shan," ya fi sau goma. Direban tasi ya ce a ba shi romo ko ya dawo hayyacinsa, Ama ta nuna shi da lema.

An yi walimar baiko a lungun, ƙarƙashin jar rumfa, teburi goma sha biyu. A ranar tukunyar romo ta huta, karo na farko cikin shekara talatin. Madam Hsiao ta zo tana yatsina saboda kujerun roba, amma an ga ta ƙara kaguwa sau biyu. Pei-shan ta zagaya da shayin baiko, ta tsaya gaban Ama. Tsohuwa ta karɓa da hannu biyu ta shanye tas.

A al'ada, idan aka kawo kifi, dangin ango sukan zame su tafi, ba sa jiran ƙarshen ci, ba sa kuma yin sallama, domin sallama fatan sake haɗuwa ce, baiko kuwa ba abin da ake fatan maimaitawa ba ne. Da kifi ya iso, Pei-shan ta ɗaga kai. Ama ta riga ta miƙe, ta dogara lemarta, ta bi ta gefenta kamar ba ta san ta ba. Ko waiwaye ba ta yi ba. Pei-shan ta tuna cikakkiyar sallamar hawa na ashirin, ta dubi wannan ranƙwafaffen bayan da ke tafiya shiru, hawaye suka ɓalle mata.

"Kuka kuma?" in ji Aba.

"Aba, ba ta yi mini sallama ba!"

"Na gani," ya ce, yana share nasa da hannun kwat.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, mahaƙurci kuwa mawadaci ne. Da Pei-shan ta yi shiru a gaban teburi mai juyawa, ko ta zuba romon nan ranar fushi, da ta sami miji ta rasa gida. Mai son ka da gaske ba ya raba ka da naka, ko da kai ka roƙe shi. Har yau shagon na buɗewa da sassafe, kuma a kan kantar nan shuɗin kwano ya zama biyu.