Allon Burodin Auta

Ni mai rubuta allon talla ne. Kusan duk shagunan layinmu aikin hannuna ne a goshinsu, kuma duk wanda ya kawo mini aiki maganarsa ɗaya ce: "Ka rubuta yadda kowa zai san ni." Da can dariya nake yi in ɗauki buroshi. Yanzu in na ji wannan magana sai tsigar jikina ta tashi, don na ga mutumin da aka biya wa wannan buƙata har ƙarshenta. Labarin ba mai daɗi ba ne, amma duk mai shago ya kamata ya ji shi.

Daura da rumfata akwai wani ɗan gidan burodi na wata dattijuwa da kowa ke kira Mama. Tanderu ɗaya gare ta, da teburin kwaɓi, da sikeli, da wani tsohon Littafi Mai Tsarki da fulawa ta shige duk tsakanin shafukansa. Da ƙarfinta ya fara ja baya sai ta miƙa wa ɗanta na ƙarshe sana'ar, wanda har ya yi aure ya haihu ba ta daina ce masa Auta ba. Ni na rubuta musu allo, Burodin Auta, da jan fenti. Ranar da zan kafa shi na zamo daga tsani na gurɗe, Mama ta zaunar da ni a kan buhun fulawa ta ja mini ƙafa tana yi mini tsiya, wai mai rubuta sunan mutane a sama ya kasa tsayawa a sama.

Mama ba ta yi makarantar kasuwanci ba, amma duk dabarar talla tana bakinta, kuma daga Littafin nan take cirowa. Takan zauna kan kujerarta a bakin ƙofa tana koya wa Auta.

"Ka cika awo, ko mai saye ba ya kallo. Allah ba ya son sikelin da ke ƙarya. Ka buɗe tagar nan lokacin da ma'aikata ke wucewa, ƙamshi ya yi maka kira, ai ba a kunna fitila a kife ta da kwano. Sabon mutum ya shigo, ka yanka masa ya ɗanɗana. Sannan ka riƙe sunan kowa. A Littafi ma makiyayin da aka yaba shi ne mai kiran kowace tunkiya da sunanta. Wanda ka tambayi jikin matarsa yau, gobe shi zai kawo maka maƙwabcinsa."

Kuma abin yana aiki. Ba su yi arziki ba, amma burodinsu bai taɓa kwana ba.

Sai aka buɗe wani ƙaton kanti a bakin titi, mai gilashi da fitilu, da motocin raba kaya. Daga ranar barci ya ƙaurace wa Auta. Ba yunwa ce ta dame shi ba, ku fahimce ni. Hassada ce. Yakan tsaya a bakin rumfata yana kallon kantin kamar an ƙwace masa gado.

"Mama tana nan tana ƙirga tumaki," ya ce mini wata rana, "mutane suna can suna kwashe gari. Yaushe zan gama haddace sunan mutane ɗaya bayan ɗaya? Ni nake so su haddace nawa."

Wani direba ne ya yi masa kwatancen boka. Ba a daji yake ba, ba a kogo ba. A saman wani tsohon shagon ɗaukar hoto yake, kuma da rana tsaka Auta ya hau matakalar, hayaniyar motoci na bin sa. Yana tura ƙofa hayaniyar ta ɗauke ɗif kamar an toshe masa kunne.

Ɗakin babu taga. Bango huɗu duk hotunan mutane ne, manne daga ƙasa har rufi: maza da kwat, mata da sarƙoƙi, wasu tsaye a gaban manyan shaguna. Kaya tsaf, hannaye tsaf, amma wurin fuska fari fat, kamar an goge da tsumma. A tsakar ɗakin akwai baƙin daro cike da ruwan da ba ya motsi, gefensa ƙahon rago da aka toshe da jan ƙyalle, da kaskon garwashi mai fitar da wari kamar na ƙonannen gashi. Bokan yana zaune a bayan daron. Auta ya ce ya daɗe yana kallonsa, amma har yau ba zai iya faɗin ko tsoho ne ko yaro ba.

"Kana so a san ka," in ji bokan, tun Auta bai zauna ba.

"Ina so duk garin nan, in an ce burodi, a ce Auta."

"Abu ne mai sauƙi. Amma ka ji da kyau, don ba na maimaitawa. Sani abu ne mai awo, kamar fulawarka. Ni ba na ƙirƙirar sa, ɗebowa nake yi. Kafin baƙi su riƙe sunanka, sai an ɗebo daga wurin waɗanda suka riga suka san fuskarka."

Auta ya ce, "Wa da wa?"

"Daga nesa ake farawa. 'Yan gaisuwar hanya, tsofaffin masu saye."

"Iyalina fa? Kada a taɓa mini uwa da mata da 'ya."

"Ba ni ke taɓawa ba. Kwalbar da zan ba ka a hannunka za ta zauna. Ka shafa, a ɗiba. Ka daina, a tsaya. In na waje sun ƙare, ka san inda ya rage."

"To wanda aka ɗiba, yana dawowa?"

Bokan ya yi wata dariya marar sauti. "Burodin da aka ci yana komawa tanderu?"

A nan mai hankali zai nemi takalminsa. Auta kuwa lissafi ya yi irin na masu haɗama: zai shafa kaɗan, ya tsaya da wuri. Ya durƙusa. Bokan ya danna kansa cikin daron, ruwan sanyi ƙarara, yana kiran wasu sunaye da ba na mutane ba. Da ya ɗago, sai ya ga fuskarsa ta tsaya a kan ruwan tana kallonsa, shi kuwa ya riga ya ja da baya. Bokan ya yaye ta da ƙahon kamar mai yaye maiƙo, ya tsiyaye cikin 'yar kwalba, ya ce ya riƙa ɗiga wa allon shagonsa.

Washegari layi ya kai har bakin rumfata. Mutanen da ba su taɓa biyo unguwar ba suna tsaye suna haƙuri da rana, in ka tambaye su wa ya gaya musu sai su ce su ma ba su sani ba, sunan ne kawai ya faɗo musu. Kafin shekara ta zagayo Auta ya ƙara tanderu, ya ɗauki ma'aikata da manaja, ya sayi motoci. Yara suna rera sunan a hanyar makaranta. Ya rufe tagar ƙamshi, ya daina ba da ɗanɗano, burodin ya fara ramewa a cikin leda, amma ko a jikin masu saye. Na lura allon da na rubuta kullum yana sheƙi kamar fentin bai bushe ba, kuma ƙuda ba ya sauka a kansa.

Wani tsoho ɗan fansho da ke zuwa kowace safiya shi ya fara manta fuskar Auta. Ya dubi Auta ido cikin ido ya ce, "Samari, ina mai shagon? Kwana biyu ba na ganinsa." Auta ya yi dariya, ya ce a ransa tsoho ɗaya ba asara ba ce. Sai mai gyaran takalmi. Sai ni kaina. Ranar Lahadi fasto ya tare shi a ƙofar coci da fara'a, ya ce, "Sannu da zuwa ɗan'uwa, yau ka fara zuwa wurinmu?" Wannan ta ɗan taɓa shi. Ya ajiye kwalbar, layi ya ragu, kantin bakin titi ya rage farashi. Ya sake ɗaukowa.

Wata safiya matarsa ta farka ta ga ƙato kwance a gefenta, ta ƙwalla ƙara har maƙwabta suka fito. 'Yarsu, wadda ake kira 'Yar Baba don yadda take manne masa, ta riƙe zanen uwar tana cewa, "Mama, Baba ne fa!" Matar ta dubi 'yar, ta dubi surukarta, ta dubi mutumin, ta ga kowa ya haɗa baki a kanta. Kullum gari ya waye sai an sake wannan rikicin. Ta fara ɓoye wuƙa a ƙarƙashin matashi. Ta fara fita titi ba takalmi tana tare motoci tana tambaya ko an ga mijinta. Ƙarshe 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita asibitin masu taɓin hankali, tana kiran sunansa, shi kuwa yana riƙe da jakarta.

Ranar ce Mama ta kira shi ɗakinta. Idonta ya yi rauni, amma ba ta makance ba.

"Auta, cinikin nan ba na Allah ba ne. Na ga layi, ban ga wanda ke gaishe ka ba. Me ka kai, me aka ba ka?"

Ya faɗa mata komai, yana kuka. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ka fasa kwalbar yau. Mu rufe manyan tanderun, mu koma kan teburinmu. Wanda ya manta ka, ka sake gaishe shi, ka sake tambayar sunansa. Ubangiji yana karɓar mai komowa, ko daga ina ya komo. Mu biyu mun rage maka, ni da yarinyar nan. Ka ji ni?"

"Na ji, Mama."

Ya ji ɗin. Amma washegari ne buɗe sabon reshensa, a bakin titi, daf da kantin da ya hana shi barci. An gayyaci mutane, an kafa sabon allo. Ya tsaya a gindin tsani da kwalbar a hannu, saura ɗan kaɗan a gindinta. Ya ce wannan ne na ƙarshe, daga nan sai fasawa. Ya hau ya ɗiga. Har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci, don babu wanda ya tura shi.

Reshen ya cika maƙil. Da aka tashi daga makaranta ya tafi da sabuwar motarsa ɗauko 'Yar Baba, ya nuna mata. Ya hango ta a bakin ƙofa da jakarta, ya kira ta. Ta dube shi ta kau da kai. Ya matsa ya kama hannunta. Yarinya ce mai jin magana, kuma kakarta ta sha gaya mata kada ta bi wanda ba ta sani ba. Ta gantsara masa cizo, ta fizge, ta ruga titi tana ihu, "Baba! Baba!" Motar da ta buge ta tasa ce, ta raba burodi, da sunansa a jikinta da manyan baƙaƙe.

A wurin jana'iza an zaunar da shi a baya cikin baƙi. Yana ji ana raɗa, wane irin uba ne wannan da kuɗi suka hana shi zuwa binne 'yarsa. Da aka watse ya shiga ɗakin Mama ya faɗi a gabanta. Ta janye ƙafafunta.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Mama, ni ne. Auta ne."

Ya faɗa mata tabon ƙunar da ke hannunta da ranar da ta same shi. Ya faɗa mata waƙar da take yi in tana kwaɓi. Ta saurara har ya gama, hawaye na zuba.

"Ka san labarinmu," ta ce, "amma kai ba shi ba ne. Uwa ba ta ɓata ɗanta. In ka gan shi, ka ce masa ban riƙe shi da komai ba. Ya zo gida kawai, ina jiran sa."

Ba ta daɗe ba ta cika, fuskarta na kallon ƙofa, shi yana zaune a bakin gadon.

Sauran ba shi da tsawo. Masu gadinsa suka hana shi shiga gidan burodin, da ya dage suka yi masa duka. Ya koma saman shagon hoto, bokan ya dube shi ya ce, "Wa kake nema?" A bango kuwa ga sabon hoto, mutum tsaye gaban jan allo, fuska fari fat. Da allon ya bushe layi ya watse, tsofaffin masu sayen da Mama ta tara kuma an riga an sayar da su. Manaja ya kwashe abin da ya kwasu. Yau awaki ke kwana a cikin tanderun, amma ka tambayi kowane yaro a gari, ya san Burodin Auta.

Za ku ce, to ni ta yaya na sani? Wani mutum yakan zo rumfata ya zauna a kan gwangwanin fenti. In ce masa, "Malam, aiki ka kawo?" Sai ya ce, "Ƙafar da Mama ta ja maka, tana yi maka ciwo lokacin sanyi?" Daga nan ya ba ni labarin tun daga farko. Ya ba ni shi har na haddace. Labarin yana zama, fuskar ce ba ta zama. Ina jin tausayinsa ƙwarai, nakan yi masa addu'a, nakan ƙura masa ido in ce yau kam na riƙe. Yana juya baya shi ke nan.

Don haka kai mai shago, kai mai neman kasuwa ta buɗe, ka cika awonka, ka buɗe tagarka, ka san masu sayenka ɗaya bayan ɗaya, ka jira Allah. Duk wanda ya ce zai tara maka gari a yini ɗaya, ka tambaye shi daga ina zai ɗebo, sannan ka gudu tun kafin ya amsa. Haɗama ba ta cewa ya isa, kullum cewa take saura sau ɗaya.

Jiya ma an ce ya zo. Maƙwabcina ya ce ya ga wani zaune a rumfata har yamma yana kuka, ni kuma ina ta ba shi haƙuri. Na tambaye shi kamanninsa. Ya ce shi ma bai riƙe ba.